Lukmanu da Uban Haya

'Yan aji biyar, ku matso. Editan mujallar makaranta ya ce kowa ya rubuta rabin shafi a kan abokinsa kafin mu watse, ni kuwa na ce masa uku zan cinye, in ya ga dama ya cire hoton 'yan ƙwallo, dama ba su taɓa cin kowa ba. Na san abin da ya faru a bayan kasuwar Bunkure ranar kasuwar da ta wuce. Da kunnena na ji, kuma zan faɗa muku. Amma ba yanzu ba. Bilya, na san halinka, za ka tsallaka ƙarshe kamar yadda kake yi wa littafin Tarihi, shi ya sa ka san ranar da kowane sarki ya mutu amma ba ka san abin da ya kashe shi ba. Dawo nan.

A kan Lukmanu zan yi magana. Wanda bai san shi ba ya ɗaga kai a layin asambule, abin da ya gani ya tokare sama shi ne. Tela ya taɓa auna ƙafarsa ya ce a dawo gobe zai ƙarasa. Magana kuwa, tun daga aji ɗaya zuwa yau duk abin da ya faɗa ba zai cika kwanon sha ba. In Sada mai munshari ya hana ɗakin kwana barci kowa zagi yake, Lukmanu sai dai ya ce, "Akwai bijiminmu mai irin wannan," ya juya.

Gidansu ruga ce a gabas da Bunkure, tun kakansa suke wurin, ga gonar dawa ga shanu. A da in an yi girbi manoma har roƙonsu suke su kawo shanu su kwana a gona, su ci kara su bar taki. Da aka jawo ruwan Tiga sai komai ya juye. Kanal ya ratsa ta tsakiyar burtali, hanyar da shanu suke bi zuwa kiwo, kuma gadar da za su haye tana can nesa, sai saniya ta rame kafin ta kai. Rani ya zama kore shar, alkama nan tumatir can. Saniya ta miƙa wuya ta tsinki ganye ɗaya, sai gaban dagaci. Bara karsanarsu ta zame a gangaren siminti ta faɗa ruwa, a Kadawa aka tsamo ta. Tun daga nan babansa, Dattijo, yake zancen kwashe shanu ya yi kudu, tafiyar da ba dawowa.

To, sai ga mutanen jami'a. Kun tuna, su biyu a Fijo fara, da majigi. Suka nuna mana laburare mai hawa-hawa, da ɗakin cin abinci inda suka ce ran Lahadi kowa rubu'in kaza, wanki kuma wani ke yi maka. Musbahu ya haɗiyi yawu har na bayan aji ya ji. Suka liƙa takardar tallarsu a jikin ofis, wani saurayi da doguwar riga da hula mai tunku yana dariya kamar an yi masa albishir da Makka. Babban cikinsu ya ce jami'a tana neman 'yan ƙauye, ƙofa a buɗe take, mai tambaya ya yi.

Musbahu ya tambaya ko ana ƙara kaza. Aka yi dariya. Sai ga dogon hannu a sama.

"Ranka ya daɗe, in an haƙa kanal, wa yake cewa ga inda za a sa gada?"

Mutumin ya ce, "Injiniya."

"Ana koyar da shi a wurinku?"

"Sosai ma."

Lukmanu ya zauna. Daga ranar nan littafin Lissafi bai sake hutawa ba, na rantse har kuka na ji yana yi a cikin akwati.

Firinsifal ya ce zai aika wa jami'a sunayen waɗanda ya tsaya musu, amma da sharaɗi. Bara ya aika wasu, iyayensu suka bi su har can suka dawo da su gona, ya ji kunya. Saboda haka bana sai uban yaro ya zo da ƙafarsa ya ce ɗansa ne, kuma ya yarda. Ga shi zangon da ya wuce Musbahu ya taɓa ɗauko mai goron tasha ya ce babansa ne, asiri ya tonu da tsohon ya tsaya a bakin ofis yana tambayar a ina ake sallamarsa. Tun daga nan duk tsohon da ya shigo, kallon ɗan haya Firinsifal yake masa.

Ku da kuka tashi a nan kun san ɗan fari. Uba ba ya kiran sunansa, ba ya nuna shi ya ce nawa ne, ba ya yi masa magana baki da baki sai dai ta kan wani. Mu Hausawan Kura muna yi, amma na su Dattijo ya ninka namu. Lukmanu kuwa ɗan fari ne. Firinsifal ɗinmu mutumin Indiya ne, ya koyi Hausa a kasuwa, kuma yana ji da ita, har ya kori masinja ya ce ba ya bukatar tafinta.

Dattijo ya zo da malafa da sanda, yana ɗingisa ƙafar da sa ya taɓa takawa. Ni ina shara a baranda. Kada wanda ya tambaye ni wa ya sa ni sharar.

Firinsifal ya ce, "Baba, wannan yaro naka ne?"

Dattijo ya dubi ƙasa. "Yaron mutane ne."

"Mene ne sunansa?"

"A tambaye shi, ai yana da baki."

"Ka yarda ya tafi jami'a?"

"Wa ya isa ya hana ɗan wani tafiya?"

Firinsifal ya cire tabarau. Ya ce wa Lukmanu da Turanci ko Musbahu ya fi shi iya zaɓe, don nasa tsohon ya haddace suna. Ya ce su fita. Lukmanu ya ɗauki takalmin tsohon ya ajiye masa a gabansa, suka wuce, ɗaya a gaba ɗaya a baya.

Kafin la'asar makaranta ta ɗauka. Aka sa masa Mai Uban Haya. Bilya ya zana shi a allo yana taya tsofaffi a kasuwa. Muka yi ta dariya, shi kuwa ya daina zuwa cin abinci. Malam Ibrahimu mai koya mana Hausa ya je ya yi wa Firinsifal bayani, Firinsifal ya ce shi bai taɓa jin ƙasar da uba yake musun ɗansa don ƙauna ba. Da ƙyar ya ce ran Litinin sunaye za su tafi, in tsohon ya dawo ya faɗa da bakinsa shi ke nan, in bai dawo ba a cire suna.

Abin da ya fi damun Lukmanu ma ba Firinsifal ba ne. Shi kansa bai san ko tsohon yana so ya tafi ba. Ta ina zai sani? Ƙannensa mata ne, namijin yana goye. Shanu kuma ba sa kora kansu zuwa kudu.

To ga abin da na yi muku alkawari.

Ranar kasuwa aka ba mu izinin fita. Na ga Lukmanu ya hau akori-kura ta Bunkure, ni ma sai na tuna ina da bukatar Bunkure. Ya ratsa 'yan tumatir, ya wuce 'yan kanwa, ya zaga bayan kara inda ake ɗaure shanu. Na shige tsakanin kwandunan tumatir da aka jibge, na tsuguna. Dattijo yana zaune a gindin tsamiya, ya ba ɗansa baya, yana sosa wa wani farin bijimi wuya. Lukmanu ya durƙusa ya gaishe shi. Tsohon ya amsa wa bijimin.

Lukmanu ya ce, "Baffa, in tafi ko in zauna?"

Dattijo ya ci gaba da sosa wuyan bijimin har na ji ƙafata ta mutu. Can tsohon ya ce wa bijimin, "Kai, Fari, bayan girbin alkama za mu tashi. Ƙafata za ta kai inda ta kai."

"Baffa, wa zai bi ka?"

"Akwai wani mutum, Fari. Ran sunansa na ba shi karsana, kakarka ke nan. Rabin garken nan nasa ne. In ya biyo mu, mu da shi duk bare ne a ƙasar mutane har mu mutu. In ya tafi can, wataƙila wata rana a sa wa shanu gada." Ya goge hanci da bakin rawani. "An ce kaza suke ba su. Mutumin nan tun yana rarrafe cikinsa ba ya son yaji. Ban san wa zai faɗa musu ba."

Jama'a, ni da ban yi kuka ran da aka yi mini bulala a asambule ba, sai da na ciji hannun riga.

Lukmanu ya ce, "To ka zo ran Litinin ka faɗa wa Firinsifal."

"Zuwa zan zo, Fari. Zan zauna inda aka ce in zauna. Amma in buɗe baki a gaban baƙo in ce wane nawa ne, ubana bai yi mini ba. Na gwada a hanya, ni kaɗai a daji, ya ƙi fita."

Lukmanu ya sunkuyar da kai. Ni kuma na ɗan gyara tsugunno, kwandon sama ya goce, tumatir ya yi ta gangara har gaban bijimin. Ban ankara ba na ji an kama wuyan rigata an ɗaga ni, ƙafafuna suna lilo.

Lukmanu ne, idonsa jajur. Ya daɗe yana kallona.

"Tun yaushe kake nan?"

"Yanzu na zo, tumatir nake taya."

"Ka ji duka?"

Na ce na ji.

Ya dire ni a gaban tsohon, bai saki rigar ba. "Ran Litinin kai za ka shiga tare da shi. Shi ya zauna, kai ka faɗi abin da ka ji."

Na ce, "Lukmanu, ni fa? Firinsifal in na ce masa ana ruwa sai ya leƙa taga."

Ya ce, "Na sani. Kai kaɗai gare ni. Yadda ya faɗa za ka faɗa, kada ka ƙara masa ko gishiri."