Irin kuɓewar Inna a fadamar Lyon

Hannuna yana da albarka a noma, wannan na sha faɗa a majalisa, a Bron ta gefen Lyon da Paris duka. Nakan ce in na kafa muciya a ƙasa da safe, kafin la'asar ta yi ganye, kafin magariba tsuntsaye sun fara rigimar wurin sheƙa a kanta. Jama'a su yi dariya, ni ma in yi. Kowa ya san rabona da hauya tun ina lakwal, wato makarantar boko, a Maraɗi, kuma ko a lokacin aikina a garkar Inna bai wuce korar awaki da cin tumatir ɗanye ba. Yau kujerar ofis ce gonata, tumbina ne amfanin da ta bayar.

Inna tana da wata kuɓewa da ta gada wurin uwarta. Gajera ce, mai kauri, da ɗan ja a baki. Yauƙinta kuwa, in ka ɗago loma a Maraɗi zai raka ka har Damagaram bai tsinke ba. Kowace shekara takan ɗaura tsumma a jikin ƴaƴan da suka fi kyau, kada kowa ya tsinka, su bushe a kan uwarsu. Sai ta ɓare su, ta gauraya irin da toka saboda ƙwari, ta zuba a wani tsohon gwangwanin madara. Ranar shuka takan ɗebi kaɗan a tafin hannu, ta rufe gwangwanin ta mayar bayan gado.

Da Allah ya yi mata rasuwa, yayata da ke zaune a Clichy-sous-Bois, a gefen Paris, ce ta samu zuwa gida. Ni aiki ya riƙe ni. A cikin kayan Inna ba ta ɗauko zane ko kwano ba, gwangwanin nan ta sa a jaka. Na hau jirgin ƙasa zuwa Paris don mu yi wa juna ta'aziyya. Bayan an sha kuka an yi addu'a, ta buɗe shi a gabana. Ƙanshin toka ya bugo ni, sai na ga kamar Inna ce za ta leƙo daga madafa ta ce wa ya taɓa mata kaya.

Yaya ta ce za ta sa ƴan ƙwayoyi a tukunyar fure, a bakin taga, kusa da abin ɗumama ɗaki.

Na ce, "Haba Yaya! Kuɓewar Inna a tukunya, kamar fursuna? Ai sai ta yi fushi ta ƙi yauƙi. Ni da nake da fadama sukutum a Lyon?"

"Fadama a ƙasar Turawa? Kai dai ba ka gajiya."

"Wallahi fadama. Ki ba ni damina guda, in cika kasuwar ƴan Afirka ta Château Rouge da kuɓewa har masu shago su zo suna roƙona in tsaya haka."

Ta daɗe tana kallona, sannan ta miƙo gwangwanin da hannu biyu. Ta ce, "Ka dai bi shi a hankali. Shi ke nan abin da ya rage."

Maganar fadama ba ƙarya ba ce. Wata ƙungiyar unguwa ta raba wa mutane ƴan filaye na lambu a gabashin Lyon, ba nisa da kogi, a wani wuri da dā makiyayar shanu ce. Ranar zaɓe na ga Turawa suna ta rige-rigen filayen tudu, sun bar wani kwari a ƙarshe inda ruwa ke kwance yana ƙyalli. A wurinmu, wanda yake da fili a bakin gulbi inda ruwa ke kwana shi ne mai arziki, a kan irinsa ƴan'uwa ke daina gaisawa. Na nuna shi da yatsa. Matar da ke rabon ta tambaye ni ko na tabbata, ta sake tambaya. Na ce a raina, Allah sarki, mutane sun ƙera jirgin sama amma ba su san fadama ba.

Ina da wani aboki Ba'adare, mutumin Tawa, mai bincike a jami'ar da ke Bron. Muna ce masa Dakta. Aikinsa ƙasa ne, irin ta makiyayar wurare masu tsananin sanyi, inda kogi ke ambaliya in ƙanƙara ta narke, ruwa ya kwanta ya ƙi nutsewa. Na kai shi ya ga dukiyata, don ya yi hassada.

Bai yi ba. Ya karɓi shebur ya haƙa rami, bai kai tsawon hannu ba ruwa ya fara tsattsafowa. Ya ɗebo laka mai launin toka da ɗigo-ɗigon tsatsa, ya kai mini hanci. Wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai.

Ya ce, "Sarkin Noma, ƙasar nan ba ta numfashi. Ruwa ya cika ta, iska ba ta shiga."

Na ce, "Ku Adarawa da kuka tashi a kan duwatsu, me kuka sani game da laka? Ƙanshin albarka ke nan."

Ya fito da ɗan kwalban ruwan tsami daga aljihu, ya ɗiga a kan wani busasshen ɓangare mai fari-fari. Wurin ya hau kumfa yana tsuwa. Ya ce ƙasar ta yi kusa da halin kanwa, farar ƙasa ta yi mata yawa, ko shuka ta tsiro ba za ta iya jan abincinta ba, ganye zai koma rawaya. Na dangwali farin na lasa. Na ce mu da kanwa aka yaye mu, kuɓewar Inna kuwa da kanwa ake dafa ta, ai ta zo gidan dangi.

Ya yi dariya har ya dafa shebur, sannan ya daina. "Malam, ban da wasa. Fadamar gida rana ce ke gyara ta. Ruwa ya ja, ƙasa ta yi ɗumi, sai a shuka. Wannan sanyi ne a cikinta har ƙasa. Irinta nake aiki a kai, ciyawa mai taurin kai kawai take riƙewa, shi ya sa masu wurin suka bar wa shanu. In ka nace, ka jira zafi ya shigo sosai, ka tada kunya mai tudu, ka gwada kaɗan."

Na ce to, irin to ɗin da ake ce wa likita in ya hana mutum kilishi.

Da sanyi ya fara sauƙi, aka wayi gari da ruwan sama mai ƙarfi, bayansa rana ta fito, ƙasa ta yi wani ƙanshi. Duk wanda ya tashi a wurinmu ya san abin da ruwan farko ke yi wa ƙafafun mutum. Ba a zama. Na manta cewa a Lyon ruwa ba shi da farko ba shi da ƙarshe. Na ɗauki gwangwani na hau tiram, jirgin ƙasan cikin gari, da takalman ofis. Ina sara rami, ina jefa iri, ina rufewa da diddige, ina ƴar waƙa. Filin ya fi yadda na zata girma, ni kuma ba na son in bar gefe ba shuka Dakta ya samu abin faɗa. Da na juya gwangwanin a ramin ƙarshe, toka ce kawai ta zubo.

Washegari sanyi ya dawo, ruwa ya ci gaba. Kwarin ya zama tafki, har agwagwa biyu suka tare a ciki ba su nemi izinina ba. Kullum in na tashi aiki sai in je in tsaya a baki ina leƙe. Da ruwan ya ja, wasu ƴan tsiro suka fito, ba su kai yawan yatsun hannu ba, rawaya kamar masu ciwon shawara. Na yi musu magana, na rufe su da kwalabe, na karanta musu abin da na sani. Dodon koɗin nan marar gida ya cinye wasu, sauran suka kwanta da kansu. Na tona ramukan da hannu ina neman ko ƙwaya ɗaya mai rai. Duk wadda na ɗauko sai ta narke tsakanin yatsuna.

Dakta bai ce ai na gaya maka ba. Da ma ya faɗa, da na samu wanda zan yi wa faɗa.

Na bi gida da waya. Ƙannenmu sun yi gini a garkar. Maƙwabciyar da Inna ke ba iri ta rasu tun kafin ita. Matan unguwa sun koma irin da ake sayarwa a ƴar takarda. Wata gwaggo ta ce tana da shi, ta aiko, sai ga doguwar kuɓewar kasuwa. A nan na gane cewa abin da kakata ta riƙe, Inna ta riƙe, fari bai ci ba, fara ba ta ci ba, ni na gama da shi a yini guda ina waƙa. Har yau in na ji ƙanshin toka sai maganata ta ɗauke, ni da ba a san ni da shiru ba.

Na gaya wa Yaya a waya, ta yi salati ta kashe. Da kaka na tafi Paris. Na biya Château Rouge na sayi kuɓewa cike da leda, don kada in shiga hannu sake. Na ajiye mata ledar da gwangwanin a madafa. Ta buɗe gwangwanin, ta karkata shi wajen haske, ta sa yatsa tana motsa ƴar tokar da ta rage.

"Ko ɗaya ba ka bari ba?"

"Filin ne da girma, Yaya."

"Ka taɓa ganin Inna ta juye shi duka?"

Ta rufe shi ta ɗora a saman kabad, ta koma kan tukunyar tuwo. Da ta gama tuƙi sai ta wanke muciyar, ta goge ta da zane, ta miƙo mini.

"Ungo, Sarkin Noma, tafi da wannan ka kafa. Ita ko ta ruɓe, akwai wata a Château Rouge."