Saurin da Na Ƙara wa Jiragen Baba Garba

Na daɗe ina gyaran kwamfuta a nan Talata Mafara, ayyuka da yawa sun bi ta hannuna na manta su. Amma ranar da Malama Hadiza ta shigo shagona da tsohuwar kwamfutar mahaifinta a naɗe cikin zane, har yau ba ta fita raina ba. Saboda abokan sana'a nake rubuta wannan, musamman ku da kuka shigo bayanmu. Ni ba mai zurfin karatu ba ne. Sakandare na gama, sauran a bakin teburin gyara na koya, don haka ku yi haƙuri da yadda zan faɗe shi.

Ranar kasuwa ce, wajen ƙarshen damina. Malama Hadiza tana koyarwa a wata firamare a nan cikin gari. Mahaifinta, Baba Garba, yana zaune a Bakura. Aikin jirgin ƙasa ya yi tun yana saurayi, ya fara daga mai juya layi har ya kai shugaban tasha, a kan layin dogon da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya ƙare a Ƙaura Namoda.

Ga wanda bai san aikin ba, layin nan guda ɗaya ne. Jirgi mai zuwa da mai dawowa ba sa wuce juna sai a tasha, inda layi ya rabu biyu. Aikin shugaban tasha shi ne ya san wanda zai riƙe da wanda zai sallama, kada jirage biyu su shiga tsakanin tashoshi biyu a lokaci ɗaya. Baba Garba ya yi ritaya ba a taɓa samun haɗari a hannunsa ba. Duk unguwarsu an san haka, domin shi ba ya gajiya da faɗa.

Dab da barinsa aiki, wani injiniya abokinsa ya ba shi wata manhaja a irin tsohon faifan nan mai kusurwa huɗu. Masu sha'awar jirgin ƙasa ne a ƙasashen waje suka rubuta ta don nishaɗi. Baƙin allo ne da fararen layuka, da ɗigon ja da kore a madadin sigina, jiragen kuma 'yan ƙananan akwatuna masu lamba. Kai ne mai ba da hanya. In ka yi kuskure suka haɗu, sai allo ya yi ja, aiki ya tsaya. Baba Garba da hannunsa ya shigar da sunayen tashoshin layinsa. Kullum bayan la'asar yakan ce wa mutanen gida ya tafi aiki, ya zauna gabanta har kiran magariba. Haka yake yi har tsawa ta ƙona kwamfutar. Daga nan kuma aka shiga hidimar cire masa yanar ido, abu ya ɗauki fiye da shekara.

Bayan mun gaisa, Malama Hadiza ta ajiye tsohuwar a kan tebur, ta ajiye sabuwar laftof kusa da ita.

"Malam Sanusi, jiragen Baba nika so ka hiddo daga cikin wagga, ka zuba su cikin wagga."

Na ce, "Jirage kuma, Malama? Nan shagon kwamfuta ne, ba tashar Gusau ba."

Ta yi dariya. "Kai dai buɗe ka gani. Tun da ta mutu shina zaune awa wanda anka kora daga aiki."

Kwamfutar kam ta tafi, amma faifan ajiyarta bai ƙone ba. Na ciro shi, na haɗa da tawa, na kwashe komai. Sai dai da na zuba a laftof, manhajar ta ƙi buɗewa. An rubuta ta ne tun zamanin da ake buga wa kwamfuta umarni da rubutu, sabbin na yanzu ba su san yarenta ba. Na shiga intanet na yi ta bincike, har na gano yadda masu sha'awar irin waɗannan tsofaffin abubuwa ke yi. Akwai wata manhaja da ke kwaikwayon tsohuwar kwamfuta a cikin sabuwa, sai ka sa tsohon abinka a cikinta ya ɗauka yana gida. Na saka ta, na gwada, sai ga baƙin allo da layuka, ga Funtuwa, ga Tsafe, ga Gusau. Na ji daɗi ƙwarai.

A cikin saitin manhajar kwaikwayon akwai wurin da ake zaɓar gudun kwamfutar da za ta kwaikwaya. Kun dai san mu. Duk wanda ya shigo shago kukansa ɗaya ne, kwamfuta ta yi nauyi, a ƙara mata sauri. Da wannan aka raine mu a sana'a. Ban tsaya karanta bayanin da ke wurin ba, na ɗaga gudun sama sosai. A raina alheri na yi wa tsoho. Abin da ban sani ba, irin waɗannan tsofaffin manhajoji da yawa da gudun injin suke auna lokaci. In injin ya ƙara gudu, agogon cikinsu ma ya ƙara, jirage su ƙara.

Gwajin da na yi kuwa irin namu ne. Ta buɗe? Ta buɗe. Hoto ya fito? Ya fito. Na rufe, na goge ƙura, na kira Malama Hadiza ta zo ta ɗauka.

Bayan kamar mako guda wayata ta yi ƙara. Lokacin buga sakamakon jarrabawa ne, shago cike da ɗalibai, firinta kuma tana cin takarda. Na ɗauka, sai na ji muryar dattijo. Ya gabatar da kansa, Baba Garba ne, ya gaishe ni da aiki, da iyali, da gajiya, da ruwa, ya yi mini godiya mai tsawo. Ni kuwa ina ta amsawa da "lafiya lau, lafiya lau," ina so ya kai ga magana.

Can ya ce, "Ɗana, tambaya gare ni. Jiragen ga, ba su cika sauri ba kuwa? Ina ganin kamar ba haka na san su ba."

Ku da ke sana'ar nan kun san yadda muke jin aikin da ya dawo. Kafin mutum ya gama magana mun riga mun shirya kariya. Na ce, "Baba, wallahi ban taɓa komai ba. Yadda take a tsohuwar haka na kwafo ta. Kwamfuta ba ta ƙarya."

Ni kuma don in sassauta maganar sai na ƙara da wasa: "Ko dai shugaban tasha ne ya fara tsufa?"

Ya yi 'yar dariya. "To, ta yiwu. Allah shi yi albarka." Ya kashe.

Lokacin da na rantse, a raina fayilolinsa nake nufi, kuma gaskiya ban taɓa su ba. Amma saitin gudun ya faɗo mini a rai a daidai wannan lokacin, na ture shi. Bakura ba nisa, sai dai ban so rufe shago ba, kuma na ba kaina uzuri da halin da hanya ke ciki.

Sai bayan ƙaramar salla na sake ganin Malama Hadiza. Ta ajiye laftof ɗin a tebur ba fara'a.

"Baba ya ce a goge jiragen, a ba jikanyarshi ta yi karatu da ita."

Na tambaye ta ko lafiya. Ta zauna a benci ta ba ni labari. Ranar farko da ya kunna, jirage biyu suka haɗu masa tsakanin Tsafe da Gusau. Ya ce hannu ne ya kwana biyu. Washegari haka, jibi haka. Bayan wayar da ya yi mini ya ƙara gwadawa na 'yan kwanaki, sannan ya rufe ta ya sa ƙarƙashin gado. Daga nan ya daina hawa babur zuwa gonarsa ta fadama, ya ce wanda bai iya auna tafiyar jirgi ba ba zai auna ta mota ba. Shi ne na'ibin liman a masallacin unguwarsu, ya je ya ce a nemi wani. Da liman ya matsa masa, sai ya ce wanda ya haɗa jirage biyu a layi ɗaya, wata rana zai haɗa raka'a biyu.

"Mun kai shi asibiti," in ji ta. "Likita ya ce ƙwaƙwalwarshi lafiya lau. Baba ya ce likita yaro ne mai ladabi."

Na ce ta bar mini laftof ɗin. Da ta fita na buɗe, na koma wurin saitin, a karon farko na karanta abin da aka rubuta. Na nemo bayanin manhajar jiragen ma na karanta, na gwada agogonta da na bango. Kusan ninki uku take gudu. Na zauna na gwada ba da hanya da kaina, ni mai lafiyar ido, ban kai ko'ina ba allo ya yi ja. Na mayar da gudun daidai da na irin tsohuwar kwamfutarsa. Gyaran bai kai tsawon shan kofin shayi ba.

Washegari da safe na rufe shago na hau babur zuwa Bakura, Malama Hadiza ta riga ni a mota. Na same shi a zaure kan tabarma, dogo, siriri, da farin gemu. Ya karɓe ni da mutunci, ya sa aka kawo fura. Bayan gaisuwa na durƙusa na gaya masa komai, tun daga saitin har wayar. Na buɗe laftof ɗin a gabansa na kunna.

Jirage suka fara tafiya a hankali. Ya matso da fuskarsa. Na ga leɓensa na motsi. Da wani jirgin kaya ya doso Tsafe, na ji ya ce can ƙasa, "Riƙe shi nan, na fasinja na tahe." Na tura masa laftof ɗin. Hannunsa bai tashi daga kan gwiwarsa ba.

Ya dubi 'yarsa, ya dube ni. "Kun gama shawara ke nan, kai da Hadiza."

"Wace shawara, Baba?"

"A rage wa tsoho gudu shi ji daɗi. Mu ma mun yi wa wani direba haka. Da idonai ya raunana munka maishe shi jan tarago cikin harabar tasha, muna ce mishi ƙarin girma ne."

Na ce, "Wallahi Baba, wannan shi ne gudunta na asali. Ni na ɓata."

"Rannan ma ka ce wallahi, ɗana." Ba da faɗa ya faɗe shi ba. "To wacce rantsuwar zan ɗauka?"

Na nuna masa rubutun bayanin, ya ce idonsa ba ya ganin ƙananan baƙaƙe. Na ce a kira duk wanda ya yarda da shi ya karanta masa. Ya ce duk wanda za a kira mai tausayinsa ne. Malama Hadiza ta juya fuska tana share ido da gefen mayafi.

Da na tashi tafiya ya rako ni bakin zaure. Ya ce, "In akwai abin yahewa na yahe maka. Amma a aikinmu, in shugaban tasha ya fara shakkar kanshi, ba a jiran sai an sauke shi."

Malama Hadiza ba ta bari an goge ba. Laftof ɗin tana ɗakinsa, da gudunta daidai. Na sake komawa sau biyu, ya karɓe ni da fura da hira, amma da na kawo zancen jirage sai ya tambaye ni farashin shinkafa a Mafara. Gonar fadama ya ba da aro. A masallaci sahu na biyu yake tsayawa.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne, amma da tsada na koye shi. Ba kowane abu ne ke son sauri ba, kuma buɗewar manhaja ba ita ce gama aiki ba. Ka zaunar da mai ita ya yi abin da ya saba yi a gabanka. Na biyu ya fi nauyi. Mutanen da ke kawo mana aiki, musamman manya, sun ɗauka mun san abin da ba su sani ba. In maganarmu ta ci karo da abin da idonsu ya gani, idonsu suke ƙaryatawa. Don haka in wani ya kira ka ya ce yana ganin kamar abu ba daidai ba, kada ka rantse masa, kada ka yi masa wasa da shekarunsa. Ka ce masa ba ka sani ba, ka rufe shago ka je ka duba. Kwamfuta tana karɓar gyara ko bayan shekara ne. Baba Garba kuwa sau ɗaya ya tambaye ni.