Gyaɗa a Filin Idi

Shagon ɗinkina yana kallon wani ƙaramin filin idi a bakin garin Kontagora. Sau biyu a shekara ake sallah a wurin, sauran kwanakin kuwa juji ne da makiyayar awaki. Ƙaramar hukuma ba ta da kuɗin katanga, ga masu gini suna ta matsowa taku-taku. Sai wani ma'aikacin tsara gari ya kawo dabara: a ba wani aro ya noma, don wurin da ake aiki ba a zuba masa shara. Sharaɗi ɗaya ne, ranar Sallah jama'a su tarar da wurin sallarsu, in ba haka ba a tuge shukar, a karɓe filin.

Wani dattijo Bakambare, Kirista, shi ya karɓa. Da gyaɗar da yake nomawa a wurin yake ciyar da jikokinsa marayu. Shekarun farko lafiya lau, yana cirewa tun kafin ƙaramar Sallah. Amma Sallah ba ta zama wuri ɗaya, kowace shekara sai ta matso, har wata shekara ta faɗo tsakiyar marka.

A daminar nan na ga ya yi wani irin noma. Kunya ɗaya, sai ya bar fili mai faɗi ya daddaɓe shi, sannan wata kunyar. Ni da bakina ba ya shiru na ce, “Baba, tsufa ne ko irin ne ya ƙare? Rabin gona ka bar wa ƙadangaru!”

Ya ce, “Tela, yi ɗinkinka.”

Da Sallah ta matso tausayinsa ya kama ni, don gyaɗar ko ƙwari ba ta yi ba. Mai unguwa ma har ya sa a nemo samari da fartanya don tuge ta.

Ana jajibiri liman ya zo duba wurin. Ya tsaya a tsakanin kunya biyu, ya dubi gabas, ya shimfiɗa buzunsa. Buzun ya zauna daidai, kamar an auna da tef. Ya sallami samarin.

Da safe na ga abin da har yau ban manta ba. Sahu fari, layi kore, sahu fari, layi kore, har ƙarshen fili. Ba a taɓa samun sahu miƙaƙƙe haka ba, ba tare da ladan ya yi ta faɗa ba. Manyan mutane suna tattare babbar riga kada ta taɓa ganye. Da muka yi sujada, ƙamshin damshin ƙasa da gyaɗa ya cika mini hanci.

Bayan an watse na same shi a gindin mangwaron da yake zama kowace Sallah. Na ce, “Baba, wa ya nuna maka alƙibla?”

Ya yi dariya ya ce, “Tela, shekara nawa ina zaune nan ina kallon bayanku?”