Haƙoran da na tono a daɓen ɗakina

'Yata ta fari ta cika shekara da wata biyu babu haƙori ko ɗaya a bakinta. Kullum da safe, kafin in dama koko, sai na wanke yatsa na shafa dasashinta, sama da ƙasa. Sumul, kamar cikin sabuwar ƙwarya. Sa'o'inta a gidan hayar da muke, a tsohon Zongon Lome, tuni sun fara cizon nono ana ɗaka musu duka. Matan gida suna cewa haƙorin da ya yi jinkiri ya fi ƙwari, amma in na ba da baya sai in ji muryoyinsu sun yi ƙasa.

Daminar shekarar ruwa ya shigo mana ɗaki ya cinye ƙasan. Maigidana tela ne a babbar kasuwar Adawlato, yana da aboki direban kamiyo, wato babbar motar kaya, da ke aiki a mahaƙar fosfat, abin da ake yin takin zamani da shi, can cikin ƙasa, nesa da teku. Abokin ne ya juye mana tsakuwar mahaƙar, mai ruwan ɗorawa, irin wadda ake tacewa a zubar. Mata suka taru muka yi daɓe. Har da wata 'yar ƙabilar Mina mai kawo mana kyafaffen kifi daga Baguida, can bakin teku, muna ce mata Dagan, wato Yaya da yarensu. Ta sauke daronta ta karɓi madaɓi, tana bin waƙarmu da gurɓatacciyar Hausa muna ta dariya.

Bayan mako guda ina shara, tsintsiya ta maƙale a wani ɗan tsini baƙi, daidai kusurwar da nake shimfiɗa wa yarinyar tabarma. Na sa wuƙa na tono. Haƙori ne. Tsawonsa ya kai gaɓar babban yatsana, faɗi a gindi, tsini a sama, baƙi ƙirin yana sheƙi, ga nauyi kamar dutse. Na durƙusa na bi ɗakin da tafin hannu. Kafin la'asar na tara bakwai, da wasu ƙananan katantanwa da su ma sun zama dutse.

Ni ban yi boko ba, amma na san abin da ake nufi in an binne abu a ɗakin mutum. Yarinya ba haƙori, ga haƙora a ƙarƙashin makwancinta. Sai na tuna Dagan ce ta daɓe wannan kusurwa. Ita ce kuma kullum take taɓa haɓar yarinyar tana cewa, "Tsohuwa, ina kika bar haƙoranki?"

Da maigidana ya dawo na kwance bakin zane na nuna masa, na ce gobe zan kai wa malam. Ya leƙa waje, ya saki labule.

"Ba inda za ki kai su. Ƙasar nan ta gwamnati ce, ni ban ma sani ba ko an yarda a ɗebo ta. Ki kai wa malam, malam ya gaya wa wani, jibi a zo a tambaye ni wa ya kawo. Baki shi ke yanka wuya."

Lokacin jam'iyya ɗaya ce a ƙasar. Mun san mutanen da suka yi magana a teburin mai shayi, aka daina ganinsu. Na sake ƙulle su a bakin zane.

Abin da ya rage mini shi ne kada in bar jikin yarinyar ya taɓa ƙasan ɗakin. Na goya ta. Da ita nake girki, da ita nake wanki, in zan yi salla in ɗora ta kan gado in tare da matashi. Mako uku haka. Ƙuraje suka feso mata a ƙirji da wuya saboda zafin goyo. Yarinyar da ta fara dafa bango tana miƙewa, in na tsayar da ita a cinyata sai ƙafafun su lanƙwashe. Na ce a raina, to, abin ya sauko ƙafa. Na ƙara tamke majanyi.

Kifin Dagan kuwa na daina saye. Ran nan ta miƙo hannu za ta taɓa goyona, na goce.

"Ƙanwata, me na yi miki?"

Ban san lokacin da na kwance ƙullin na watsa mata a cikin daro ba. "Naki ne. Kwashe."

Ta ɗauki ɗaya, ta juya shi. Ta fara dariya, sai dariyar ta tsaya.

"Wannan ai na reken ne, babban kifin nan mai cin mutum. Tun ina yarinya nake fasa kansu. Amma nasu fari ne." Ta ƙwanƙwasa shi a bakin daro, ya yi ƙara. "Wannan dutse ne. Ina kika samo?"

Kashegari ta kawo mini na kifin da aka kama a Baguida. Na jera su a tafin hannuna. Ƙira ɗaya, sai dai nata fari ne, mara nauyi, yana ƙarni. Na ga ita ma tsoro take ji, har ba ta son sake taɓa baƙin. Wanda ya binne abu ba haka yake kallonsa ba. Kunya ta kama ni, amma ban sauke goyon ba.

Ranar Lahadi ƙanwar mijina ta zo, wadda ke karatu a lise, wato sakandare. Ta tarar da ni da Dagan mun sa haƙora a faranti muna kallo.

"Matar Yaya, yau miyar haƙori aka yi mana?"

Da ta ji labarin ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce malaminsu yana da irinsu cike da akwati, daga wannan mahaƙar. Ta ce wurin da ake haƙar fosfat ɗin, da can ƙasan teku ne.

"Ke, ji tsoron Allah. Wurin da ake noman rogo?"

"Wallahi, matar Yaya. Tun kafin a yi mutum a nan."

Ta ce kifin yakan zubar da haƙori ko ya mutu, laka ta rufe shi, wata lakar ta hau kan wata. Nama ya ruɓe, abu mai tauri ya saura. Ruwan da ke ratsa lakar yana ɗauke da gishirin ƙasa, yana shiga ƙananan ƙofofin haƙorin kaɗan-kaɗan, har ya cika su ya sāke masa launi. Ban gane ba sai da idona ya faɗa kan butar shayinmu. Na buɗe na nuna mata farin ɓawon da ruwan rijiya ke bari a ciki, wanda nake kankarewa da cokali.

"Kamar wannan?"

"Kusan haka. Sai dai wannan ya ɗauki shekarun da bakina ba zai iya ƙirgawa ba."

Ta ware guda biyu masu ƙananan ƙayoyi a gefe, ta tambayi Dagan ko ta taɓa ganin kifi mai irinsu. Dagan ta girgiza kai. Ƙanwar mijina ta ce to, mai yiwuwa irin waɗannan sun ƙare a duniya, haƙoransu kaɗai suka rage su ba da labari. Sannan ta ɗaga zanen goyona, ta ga ƙurajen, ta daina wasa.

"Ba wanda ya ɗaure yarinyar nan sai ke. Sauke ta."

Na kwance majanyi. Na ajiye ta a tsakiyar ɗaki. Ta zauna tana kallonmu, ta mari ƙasan da hannu biyu, sannan ta ja ciki ta nufi daron kifi. Dagan ta ɗauke ta, ban hana ba.

Na tambayi ƙanwar mijina, "Tekun da ya tashi daga can, zai koma?"

Ta ce ba a zamaninmu ba. Dagan ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Gidan ubana a Baguida yana cikin teku yanzu."

Ƙafafun yarinyar sun dawo cikin kwana goma. Haƙorin bai fito ba sai bayan wata guda da 'yan kwanaki, ɗan fari a ƙasa, na ji shi ne ranar da ta cije ni. Duk safiya na ci gaba da bin ɗakin da tafin hannu, in na ji tsini in tone, don kada ya yanke ta. In kuma na je babbar kasuwa, na daina bin layin da ake hango teku.