Telan da ke cikin hanjin ɗiyata

Shekarun baya, tun ɗiyata ta fari ba ta shiga lakwal ba, wato makaranta, saura ƙiris in ba da ita riƙo ƙauye. Kullum zawo, ciki ya kumbura kamar tulu, ƙafafu kamar sillen kara. Maganin tsutsa kuwa ta sha har na haddace sunayensu. Abin mamaki, in aka kai ta wajen mahaifiyata ta yi wata guda, sai ta dawo da kumatu. Ta kwana biyu a Yamai, ciwo ya dawo sabo fil.

Mahaifiyata ta yanke hukunci. "Ruwan garinku ne bai karɓe ta ba. Ka kawo mini ita ta zauna nan, in ba so kake ka binne ta ba." Matata ta yi kuka har ta gode Allah. Ni da nake tela, da hannuna na ɗinka wa yarinyar kayan tafiya, wallahi ina taka keke ina share hawaye da gefen atamfa.

Abokina direban taksi ne ya hana ruwa gudu. Ya ce sai mun ga wata likitar yara da yake ɗauka a Gaweye. Muka je. Ta tambaye ni me yarinyar ke ci can, me take ci nan.

"Can dai fura da tuwon hatsi, abin ƙauye," na ce. Sai na gyara zama. "Nan kuwa burodi da madara kowace safiya, makaroni da rana. Ni ba na wasa da cikinta."

Ta dube ni ta saman tabarau, ta tura mu analiz, wato gwajin jini da na hanji.

Da sakamako ya fito ta ce, "Malam tela, ka gamu da ɗan'uwanka. Akwai wani sinadari a jikin kowa, mu anzim muke ce masa, shi ma ɗinki yake. Yana haɗa nama in an ji rauni, ga wasu ayyukan barkatai. A hanjin ɗiyarka, in ya tarar da danƙon alkama sai ya sake masa fasali, jikinta ya ɗauka maƙiyi ne, ya far wa hanjin."

"To a ba ta maganin da zai kashe ɗan banzan telan nan mana!"

Ta yi dariya. "In aka rufe shagon gaba ɗaya, wa zai yi sauran ɗinkin? Masana na can suna neman abin da zai riƙe masa hannu a wannan aikin kaɗai. Kafin su samo, maganinta ba ya farmasi. Ta bar alkama kwata-kwata."

"Ba sai ta bar Yamai ba?"

"Me Yamai ta yi mata?"

Jama'a! Ashe duk alfaharin nan da nake da burodi, fura ta fi ni sanin abin da take yi. Da na buga wa mahaifiyata waya, cewa ta yi, "Dama na san ƙaryar birni ce ke cinku."

Ba zan ce abin da sauƙi ba. Har yau sai matata ta binciki kowane garin abinci a kasuwar Petit Marché, kuma ranar salla yarinyar nan ta sha kuka a kan cincin da fanke. Amma duk sanda na tuna, ajiyar zuciya nake yi, don a gabana take kukan, ni nake rarrashinta.