Gurbin Da Ba A Shanya Shinkafa

Kano zuwa Haɗeja

Ƙarfe biyar da rabi na asuba na bar Kano da saƙon kakata, Inna Yalwa, wadda ciwon ƙafa ya zaunar. Kakarta na cikin matan da sojojin Turawa suka harbe ranar da suka ci Haɗeja, suna ɗauke da tallan kifi, ko sanda babu a hannunsu. Inna ta ce in nemo wurin, in yi addu'a, in dawo in gaya mata ko ana tunawa da su.

Shinge huɗu muka wuce kafin Gujungu. A kowanne direba ya miƙa hannu a dunƙule, aka tabbatar motarmu lafiyarta ƙalau.

Haɗeja, ƙarfe tara

Mai adaidaita ya sauke ni gaban wani allo a bakin kwalta, fenti sai ƙyalli. Sunayen 'yan kwamitin da suka kafa shi sun cika shi fal, na mamatan ko ɗaya babu.

Na tambayi dattijon da ke gadi, "Baba, nan ne abin ya faru?"

"Ina! Ainihin wurin yana bayan gari, wajen fadama. Mota ce ba ta shiga, ranar buɗewa kuma manyan baƙi fararen kaya suka sa."

Na ci tuwon shinkafa da kifi don in huce, na hau babur.

Bakin fadama, bayan azahar

Fili ne na masu turara shinkafa. Shanya ko'ina, har hanya sun cinye, suna ta faɗa kan wuri. Amma a tsakiya ga gurbi kamar faɗin ɗaki, a share, ba komai a kansa.

Na ce wa wata tsohuwa, "Iya, ga wuri kuna faɗa?"

"Haka muka tarar, ɗan nan. Uwata ta ce ƙasar wurin ta sha jinin mata, ba a ɗora mata abinci."

Na tuɓe takalmi na ɗaga hannu. Wallahi kuka na yi.

Gida

Da magariba na iso, na gode Allah, na gode wa matan nan masu shinkafa. Na kwashe labari na faɗa wa Inna. Ta share ido, sannan ta riƙo hannuna.

"Kada ka gaya wa kwamitin nan. Sai su je su zuba wa wurin siminti."