Taliyar 'Yar Fari

'Yata ta fari ba ta son abinci. Ba zaɓe take yi ba, gaba ɗaya ta ɗauki cin abinci wani mugun abu ne da manya suka ƙirƙiro don su ɓata mata rai. In na kawo kunu ta datse 'yan haƙoranta, in na kawo tuwo ta murje shi a tabarma, fura kuwa sai ta kurɓa ta riƙe a baki har in saki jiki, sannan ta feso min a riga. Duk ranar awo a gidan likita sai na sha faɗa wurin matar da ke ɗora yara a sikeli, kamar ni nake cinye rabon yarinyar.

Lokacin ina koyarwa a wata lakwal a Magariya, maigidana kuma yana aikin ofis a buro. In an tashi da tsakar rana sai in taho da sauri, in karɓo ta daga wurin maƙwabciya, in dafa, in yi yaƙin ba ta, in koma. Cikin wannan guje-gujen na gano taliyar. Wata rana na dawo babu komai a gidan sai ragowar taliya a leda, da karoti guda, da ɓarin shu, wato kabeji, da ya fara yaushi. Na kunna resho, na soya albasa da tumatir a man gyaɗa, na goga karotin, na yanka shu siriri siriri, na tsinko zogale daga bishiyar tsakar gida na watsa. Na zuba ruwa, da ya tafasa na kakkarya taliyar a tafin hannuna ƙanana ƙanana na zuba a cikin tukunyar, babu barkono, gishiri kaɗan. Kafin in gama cire kayan aiki in ɗaura zane har ta nuna. Na barbaɗa garin ƙuli-ƙuli a kai, na zauna na fara cin abina, don na riga na gaji da roƙo.

Sai ga hannu a cikin kwanona. Ban ko kalle ta ba, don na san halinta, in ta ga ina murna za ta fasa. Ta ci, ta ƙara, ta shafe fuska da mai har gashin gira. Daga ranar ta sa wa abin suna, wai "liya". In ta ji ƙarar karya taliya, ko tana ina sai ta taho tana tangaɗi, ta riƙe min zane tana faɗi. Uban ma da ke cewa wannan cimar marasa haƙora ce, ya koma sai na ɓoye mata nata kafin ya share tukunyar. Wuyanta ya cika, kumatu suka fito, matar sikeli ta nemi wata uwar ta koma yi wa faɗa.

A wurinmu uwa ba ta nuna son ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi a gaban surukai sai ta kau da kai wani ya ɗaga shi. Na san wannan, kuma a waje ina yi daidai yadda ake so. Amma in na rufe ƙofar gidana, sunanta nake kira har da waƙa, kuma ban ga wanda na cuta ba.

Da lokacin yaye ya yi, uwar maigidana ta zo da kanta daga ƙauyensu da ke gaba da Bande. Inna muke ce mata. Doguwa ce, mai fara'a, mai son zolaya, 'ya'yanta duk sun watse birane sun bar ta da ɗakuna babu kowa. Ita ba ta kirana sai Madam, kuma tana jan kalmar yadda kowa zai gane ba girmamawa ba ce. Al'ada ce a kai yaro wurin kaka ya manta nono, ya yi 'yan kwanaki a dawo da shi, saboda haka ban yi gardama ba. Na dai ƙulla mata taliya da karoti da ƙuli-ƙuli, na tsaya ina yi mata bayanin yadda ake dafawa. Ta saurare ni har ƙarshe tana murmushi.

Ta ce, "Madam, ni da na yaye uban, 'yar ce za ta gagare ni? Kawo dai, ba a mayar da kyauta."

Daga baya na ji labarin taliyar, 'yan aikin gona aka dafa wa da manja da yaji.

Kwanaki suka wuce, nonona ya daina ciwo, babu maganar dawowa. Aka ce sai an gama noma na biyu. Aka gama, aka ce sai an yanke gero. Ni kuma bakina a ɗinke, don uwar 'yar fari ba ta tambaya. In na dawo da tsakar rana sai in tsaya a tsakar gida ban san abin da zan yi da lokacin da a da ba ya isata ba. Na kira mahaifiyata a waya ina kuka, ina zaton ita za ta shige min gaba.

Ta ce, "Ke, rufa min asiri. Wa ya taɓa jin uwa ta buɗe baki tana neman 'yar fari? So kike a ce ban ba ki tarbiyya ba?"

Ƙanwar maigidana ce ta fasa min ƙwan, ba da nufi ba. Ta ce ai Inna tana gaya wa kowa a ƙauye an ba ta yarinyar riƙo, har ta fara maganar kajin da za ta kiwata mata. Ranar na ajiye kunyar gefe na tari maigidana. Ya yi ta kewaye-kewaye, wai Inna ita kaɗai ce, wai bari ta ɗan ji motsin yaro a gida, wai an ce yarinyar ta saba har ba ta cigiyar kowa. Da na ƙi sakinsa sai ya ce to, mu je ran Asabar. In ya ga da idonsa yarinyar tana son biyo ni, zai yi wa Inna magana mu dawo da ita. In kuma ta manta ni, in yi haƙuri.

Ban tsorata ba. Na san yaro yana iya manta fuska, amma na san abin da 'yata ba za ta manta ba. Ran Asabar da safe na je kasuwa na zaɓo karoti mafi ja, na dafa taliyar yadda take so, na bar ta ta yi laushi sosai, na juye a kula da zafinta. Muka shiga taksi zuwa Bande, daga nan muka hau moto, wato babur, kular tana kan cinyata ina riƙe da ita hannu biyu a duk rami.

Mun tarar da gidan cike da mata, don labarin zuwanmu ya riga mu isa. Ga gwaggon maigidana, ga maƙwabta, an shimfiɗa tabarmi a inuwar rumbu. Yarinyar tana goye a bayan Inna. Da gefen ido na kalle ta, don duk idanu suna kaina. Ta rame, an aske mata kai, kumatun nan da na sha wahalar ginawa sun zube. Ta dube ni kamar yadda ake duban mai tallan da ba a saba da ita ba, ta mayar da fuska bayan Inna. Na durƙusa na gaishe da kowa, gida, aiki, gajiya, damina, ban tambayi lafiyar wadda na zo dominta ba.

Da aka sauke ta ƙasa, sai na yi kamar ina gyara murfin kula, na ɗan buɗe. Ƙamshin ƙuli-ƙuli da albasa ya tashi. Tana wasa da wani murfin kwalba, sai ta tsaya cak, ta ɗaga hanci. Ta juyo.

"Liya," in ji ta.

Ta taso ta zo ta dafa gwiwata, ta leƙa kular, ta ɗago ta kalli fuskata, ta sake faɗi, wannan karon da dariya. Maigidana yana tsaye a bakin zaure, kuma ya gani. Na san ya gani don ya sunkuyar da kai. Zuciyata ta yi fari tas, har na fara tunanin yadda zan riƙe ta da kula a kan moto.

Inna ta miƙo hannu ta ce, "Kawo nan, Madam. Abincin baƙo sai ya bi ta hannun mai gida."

Haka ake yi, babu abin zargi. Na miƙa mata, ta shiga ɗaki, yarinyar tana ta bubbuga ƙafa tana kuka. Jim kaɗan ta fito da 'yar tasa, ta ajiye a gabana.

Ta ce, "Ga shi, ba ta da hannunki. Yau mun yafe miki kunya. Ɗauke ta ki ɗora a cinya, kowa ya san ke kika haife ta."

Na yi mata godiya. Wallahi har da hawaye na yi mata godiya, kuma wannan godiyar ce har yau in na tuna nake jin kamar in mari kaina. Na ɗauki 'yata a gaban surukai a karo na farko, na ji nauyinta ya ragu, na ji warin hayaƙi a rigarta. Na ɗebo loma na hura. Yarinyar da duniya ta sani da datse baki ta wangale shi iya ƙarfinta, ta karɓe duka.

Sai fuskarta ta yamutse. Ba ta kalli tasar ba, ni ta kalla. Ta furzar, ta ƙwalla ƙara, ta yi ta gogar harshe da bayan hannu. Na zaci zafi ne, na ɗebo wata na hura sosai na kai bakinta, ta doke hannuna, ta zame daga cinyata ta ruga ta ƙanƙame ƙafar Inna. Na lasa yatsana. Ɗaci ya ratsa ni har maƙogwaro. Maɗaci ne, garin ɓawon itacen nan da ake shafa wa nono in yaro ya ƙi saki, don ya tsani abin da ya fi so.

Gwaggo ce ta fara dariya, sauran suka bi, wata har tana dukan cinya. Inna ta ɗauki yarinyar, ta ciro dabino daga bakin zane ta sa mata a baki, tana jijjiga ta.

"Yi shiru, 'yar gidana. Wa ya ba ki ɗaci? Wa ya cuce ki? Nuna min ita in dake ta."

'Yata ta ɗaga ɗan yatsanta, tana sheshsheka, ta nuna ni.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Inna, me na yi miki?"

Ta ce, "Ba ki yi min komai ba. An yaye ta a nono, hannun ne ya rage, yanzu shi ma an gama. Haka aka yi min da nawa na fari, ga ni ban mutu ba. Ke za ki haifi wasu, ni na rufe."

Ko kaɗan babu fushi a muryarta. Yadda ake bayanin gyaran daddawa haka ta faɗa.

Na ɗauki tasar na nufi maigidana, na ce ya ɗanɗana. Ya mayar da hannuwansa baya. Na ce ya ɗanɗana ko da da kan yatsa ne, ya faɗi abin da ya ji. Ya dubi uwarsa, ya dubi matan da ke jira, sannan ya rage murya.

"Kada ki tara min jama'a. Kin dai gani da idonki, ta ƙi ki."

Ragowar da ke cikin kula lafiyarta ƙalau, ba a taɓa ta ba. Inna ta fito da ita ta raba wa yaran maƙwabta a tafin hannu, suka ci suna lashe yatsu. Ita ma ta kai loma biyu, ta gyaɗa kai ta ce ashe Madam ta iya girki, sai dai gishiri ya yi kaɗan. Aka wanke min kular tas, aka cika ta da wake, wai tsaraba.

Da za mu tafi na je in yi sallama. An sake goya yarinyar, ta daina kuka, ƙwallon dabinon yana hannunta. Na daina damuwa da wanda ke kallo, na kira sunanta a fili, na miƙa mata hannu, babu komai a cikinsa. Ta kalli hannun, ta saki ƙwallon, ta sa tafukanta biyu ta toshe bakinta.

Ba a dawo min da ita ba. Na haifi wasu kamar yadda Inna ta faɗa, sun kuma ci taliyar nan har sun gaji da ita. Ita kuwa tana can, ta girma, ta shiga lakwal ɗin ƙauyen, kuma an ce tana da ƙoƙari. In na je tana durƙusawa ta gaishe ni da ladabi, tana ce min Madam. In na kai mata atamfa ko takalmi tana karɓa da murna. Amma duk abin da za a sa a baki, ko alewa ce a cikin ledarta ba a buɗe ba, in dai daga hannuna ya fito, sai ta kai wa Inna ta fara ɗanɗanawa.